Gurbin Kofur

Ina tsakiyar yi wa wani dattijo aski wayata ta fara ruri a aljihu. Ban saba ɗaukar waya ba idan injin aski yana hannuna, amma ta katse ta sake kira, ta katse ta sake, har dattijon ya ce, "Ɗauka mana, ɗana, kan nan ba guduwa zai yi ba." Na duba, sai na ga matar abokina ce. Amarya nake ce mata tun ranar da suka yi aure, ko da yake yanzu 'yarsu har ta shiga makaranta.

Na ce, "Amarya, lafiya kuwa?"

Ina jin hayaniyar mutane a bayanta, da ƙarar gadon nan mai taya da ake tura marasa lafiya. Can ta ce, "Yaya, abokinka ya tafi ya bar mu."

Na ce, "Ya tafi ina?" Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ta ce a matakalar ofishinsu ya faɗi, da takardu rungume a ƙirjinsa. An ɗauke shi a mota, amma kafin likita ya zo kansa rai ya yi halinsa.

Na mayar da wayar aljihu, na ɗauki injin na ci gaba da aski. Hannuna ne ke aikin, ni ba na wurin. Sai da na kai ƙeya dattijon ya hango fuskata a madubi. Ya riƙe mini hannu, ya miƙe da rabin kai a aske, ya ce in rufe shago, shi zai dawo wata rana.

Kofur muke ce masa, amma bai taɓa sa kakin soja ba, bindigar gaske ma bai taɓa riƙewa ba. Masinja ne a wani ofishi mai benaye da yawa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yana tafiya da sauri kamar wanda aka aika, domin kuwa kullum a aike yake. Shi ke kai fayil daga bene zuwa bene, shi ke dafa wa manya shayi, shi ke tsayawa a layi a madadin wanda ba ya son tsayawa. Na'urar hawa benen ofishin ta fi kwana a lalace, don haka ƙafarsa ta san kowace matakala. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna aikensa ba su san sunansa ba. "Masinja" kawai za su ce, ya ce, "Na'am, yallaɓai."

A shagona muka haɗu. Ya zo aski ya tarar babu kowa sai ni, na duƙufa a kan ƙaramar kwamfutata ina wasa. Maimakon ya yi sallama ya zauna, sai ya tsaya a bayana yana cewa, "Bayanka. Akwai mutum a bayanka." Na ce, "Malam, aski ka zo ko koyarwa?" Ban rufe baki ba aka harbe ni ta baya. Ya ce, "Yanzu kam aski na zo, tunda ka samu lokaci." Shi ya sa mini suna Reza a ranar, ni kuma na sa masa Kofur saboda yadda yake ba da umarni ba a tambaye shi ba. Tun daga nan ba mu rabu ba.

Wasan da ya haɗa mu wasan harbi ne da ake yi ta intanet. Mutum biyar ke karawa da mutum biyar, kowa a ɗakinsa, kowa da abin magana maƙale a kunne. Ɓangare ɗaya na neman dasa bam, ɗayan na hana shi. Wanda aka harbe sai ya naɗe hannu ya yi kallo har a gama zagayen. Ƙiftawar ido ke raba mai rai da gawa a wasan nan, shi ya sa masu hali ke sayen kwamfuta mai gudu. Mu biyar ɗinmu kuwa, ni ne, da Kofur, da wasu direbobi biyu wa da ƙani, sai wani mai shagon takalma da muke kira Kyaftin, domin shi ya tara mu, shi ke nemo mana abokan karawa.

Kwamfutar Kofur ba don wasa aka ƙera ta ba, don buga wasiƙu aka ƙera ta. Lokacin da ofishinsu ya sauya kwamfutoci aka jibge tsofaffin a sito, ya roƙi mai kula da siton ya ba shi ɗaya. A bayan kekensa ya ɗauro ta da roba, yana turawa a hankali kamar ya ɗauko mai jinya. Ya sa mata suna Gwaggo, saboda gwaggonsa da ta rene shi. Ya ce halinsu ɗaya: da nishi take tashi, da mita take aiki, kuma in ka matsa mata sai ta yi fushi ta daina magana.

Ɗaki da falo suke zaune shi da iyalinsa, a wani gida na haya mai yawan maƙwabta. Gwaggo na ƙarƙashin wani ƙaramin tebur a kusurwar falo, tsakanin kujera da kwandon kayan guga. In ya dawo daga aiki sai ya kunna ta, ya je ya yi wanka, ya ci abinci, ya goge rigar gobe, sannan Gwaggo ta buɗe ido. Don wasan ya yarda ya tashi, sai da ya kashe duk wani ado da ke cikinsa. Ya cire inuwa, ya cire ciyawa, ya rage kyan hoto har mutanen ciki suka koma kamar buhunan da aka yi wa ƙafafu. Ya kwance murfin gefenta saboda zafi, ya juya mata fankar gidan guda ɗaya tilo. Amarya takan zauna tana fifita da murfin kwali tana cewa, "A gidan nan tsohuwa ce ke shan iska, mu masu numfashi mu sha zufa." Shi kuma ya ce, "Ki yi haƙuri, girmama na gaba ake yi."

Duk da wannan lallashi Gwaggo tana da nawa. In ya danna maus, ɗan abin nan na hannu da ake harbi da shi, sai ta ɗan yi shawara da zuciyarta kafin harsashi ya fita. Da wani ne, da ya haƙura. Shi kuwa sai ya koyi zama da ita. Ya daina harbin inda mutum yake, ya koma harbin inda mutum zai taka. Yakan kasa kunne ya ji takun abokin gaba, ya saki harsashi a bakin ƙofar da babu kowa, sai ka ga mutum ya fito ya tarar da ajalinsa yana jiransa. Waɗanda muke karawa da su sun sha rantsewa cewa maguɗi yake yi. Da sun ga akwatin da yake wasan da shi, da sun ba shi haƙuri.

Kyaftin ke da sarauta, amma da an fara harbi muryar Kofur ake bi. "Reza, bi hagu. Babban direba, tsaya a bakin ƙofa, kada ka leƙa. Na ce kada ka leƙa, kanka ba na aro ba ne." Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, kuma in an ci mu ba ya ɗora wa kowa. Wata rana da yamma muna zaune a bakin shagona, ya cire takalmi yana murza ƙafa, ya ce mini, "Ka san me ya sa nake son wasan nan? Tun safe har yamma ni ake aika. Nan ne kaɗai wurin da in na ce a bi hagu, mutum huɗu za su bi hagu." Ya faɗa yana dariya, amma na san ba wasa yake yi ba.

Ana nan sai masu wasan suka sabunta shi. Suka ƙara masa nauyi, musamman hayaƙin gurneti, wanda ake jefawa don a rufe wa abokin gaba ido. Wannan hayaƙi shi ya karya Gwaggo. Da zarar ya tashi sai hoton ya sandare, kafin ta farfaɗo Kofur na kwance a ƙasa. Abokan karawarmu ba su daɗe ba suka gane, suka riƙa yi masa ruwan hayaƙi tun daga farko. Muka yi ta shan kashi. A daidai lokacin ne kuma Kyaftin ya shigar da mu wata gasa da za a yi tsakanin ƙungiyoyi irin namu, abin da muka daɗe muna fata.

Ya same mu a shagona, Kofur na kan kujera na ɗaura masa ƙyalle a wuya. Ya ce, "Kofur, ni ba ni da matsala da kai, da Gwaggo nake da ita. Ko dai ka nema mata magani kafin gasa, ko ƙanina ya riƙe gurbinka."

Kofur ya ce, "Ƙaninka da ke harbin inuwarsa?"

Kyaftin ya ce, "Shi dai kwamfutarsa ba ta suma."

Muka yi dariya mu uku. Amma ina kallon Kofur ta madubi, dariyarsa ta riga tamu ƙarewa.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a wani lungu na kasuwa, kowa Injiniya yake ce masa. Shagonsa cike yake da gawarwakin kwamfutoci, ɗaya kan ɗaya har rufi. Can muka kai Gwaggo. Ya leƙa cikinta, ya hura, ya yi atishawa, ya ce, "Wannan ai ta girmi shagona." Ya fara ƙara mata ram, wasu 'yan siraran sanduna da ke taimaka wa kwamfuta ta riƙe aiki da yawa lokaci guda. Ta ɗan ji sauƙi, amma hayaƙi na tashi sai ta sake suma. Injiniya ya ce sai an sa mata katin hoto, wato abin da ke zana duk abin da ido ke gani a wasan. Yana da wani na hannu mai kyau. Kofur ya daɗe yana kallon katin, sannan ya kalli kekensa da ke jingine a waje. A ƙasa muka dawo gida ranar, kati a cikin leda, keke ya zama na Injiniya. Daga nan da ƙafa yake zuwa aiki, ya je ya yini yana hawa bene, ya sake dawowa da ƙafa.

Katin ya ƙi shiga, ya fi cikin Gwaggo tsawo. Muka fito da ita tsakar gida, na danne, shi kuma ya sa zarto yana yanke ƙarfen da ya tare hanya. Amarya ta fito da bokiti a hannu ta tsaya tana kallonmu, ta ce, "Yau kuma tiyata ake yi wa Gwaggo? Yaya, kai ma da hankalinka?" Na ce, "Ni ɗan jinya ne kawai, Amarya, ga likitan nan." Da muka haɗa muka kunna, ta yi wani ɗan ƙara, ƙaurin ƙonewa ya cika falon, komai ya ɗauke. Ashe akwatin da ke raba mata wuta ba zai iya ɗaukar sabon katin ba. Kofur ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Allah ya taimaka akwatin wutar ne kaɗai ya ƙone. Aka sauya shi. Bayan nan aka sauya faifan ajiya, aka ƙara 'yar fanka a ciki, fankar gida ta koma wa masu ita. Amarya ta ce ko mahaifiyarta ba ta sha magani kamar tsohuwar nan ba.

Ranar da komai ya daidaita, ya kira ni ya ce in bar abin da nake yi in zo. Ya danna maɓalli, kafin ya gyara zama Gwaggo ta tashi. Ya mayar da inuwa, ya mayar da ciyawa, ya ɗaga kyan hoto. Ya shiga filin wasan shi kaɗai, bai harbi komai ba, sai yawo yake yi yana ɗaga kai. Ya ce, "Reza, ashe akwai tsuntsaye a nan?" Ya matsa gaba ya tsaya. "Ashe bangon nan shuɗi ne. Shekaru ina mutuwa a gindinsa ban sani ba." Ya jefa gurnetin hayaƙi, ya shiga tsakiyarsa, ya fito ta ɗaya gefen, hoto bai ko girgiza ba. Ya sake jefa wani. Ban taɓa ganin fuskarsa kamar ta ranar ba, kuma ita nake ƙoƙarin tunawa idan fuskarsa ta ranar ƙarshe ta zo mini.

Da muka shiga karawa ta gaske, Kofur ya kasa samun kowa. Yana danna maus harsashi ya fita nan take, ya bugi bango, sannan mutumin ya fito lafiya ƙalau ya harbe shi. Hannunsa ya saba ba wa Gwaggo lokacin shawara, ita kuma ta daina shawara. Direbobin nan suka yi ta dariya, ƙaramin ya ce, "Kofur, a mayar maka da tsohuwarka, sabuwar ta fi ƙarfinka." Injiniya ma da ya ji ya ce haka ne, sabo ne, hannu zai koya. Gaskiya suka faɗa. Kofur ya riƙa shiga filin gwaji kullum bayan aiki, kuma a hankali saitinsa ya fara dawowa. Har Kyaftin ya daina zancen ƙaninsa.

Sai kuma abin ya juya baya. Wata rana muna tsakiyar wasa muka ji wani abu ya faɗi, ya ce maus ne ya suɓuce masa, ya yi santsi. Ya je ya sauya maus. Bayan 'yan kwanaki ya fara kukan ciwon kai, ya ce tun da hoto ya yi kyau hasken ke dukan idonsa. Injiniya ya rage masa hasken allo. Sannan ya ce gefen dama na allon yana yin duhu, ba ya ganin mai fitowa ta nan. Aka ɗauko masa wani allon aro. Wata rana kuma yana ba da umarni maganarsa ta harɗe, kalmomin suka fito a cakuɗe na ɗan lokaci, sannan suka warware. Babban direba ya ce, "Abin maganarka ya fara lalacewa, muryarka na tsinkewa." Kofur ya ce, "Haka ne, wayarsa ta kwance." Mun shafe watanni muna bin Gwaggo gaɓa-gaɓa, duk abin da ya faru sai mu nemo ƙarfen da za a sauya. Mun saba da hakan har ya zama duk abin da ya samu mutumin, a cikin akwatin muke nemansa.

Amarya ce ba ta yarda ba, domin ita ba ta san ram ba, mijinta ta sani. Ta zo shagona da rana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya, ka yi wa abokinka magana. Kofin shayi ya suɓuce masa, cokali ya suɓuce masa. Jiya maɓallin riga ya gagare shi, sai ni na ɓalla masa. Kofi ma Injiniya ne zai sauya?"

Da yamma na same shi na ce mu je asibiti. Ya ce gajiya ce, tafiyar ƙasa ce da hawan bene. Na ce ko gajiya ce a je a ji daga bakin likita. Ya ce, "Bayan gasa. In na je yanzu kwantar da ni za su yi, ƙanin Kyaftin ya zauna a kujerata. Ka san irinsu, in sun zauna ba sa tashi." Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da girman 'yarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Reza, kai dai ka bi hagu in na ce ka bi hagu." Mutum ne mai sauƙin kai a komai, amma a kan wannan gurbi ya kafe.

Da gasa ta matso, Kyaftin ya ce za a yi karawar gwaji ranar hutu da rana, daga ita zai yanke waɗanda za su buga. Kowa ya san mutum ɗaya ake gwadawa. Na ɗauki kwamfutata na tafi gidan Kofur, na zauna a gefensa, don ya ji akwai nasa a kusa. Ya yi wanka, ya sa riga mai guga kamar mai zuwa neman aiki. Gwaggo na aiki sumul, ko nishi babu.

Zagayen farko ya yi ƙoƙari, har ya kayar da mutum ɗaya. Daga nan abin ya fara zamewa. Aka harbe ni da wuri a wani zagaye, sai na juya ina kallon allonsa. Saura shi kaɗai a ɓangarenmu, yana tsare da wata ƙofa. Wani ya fito ta damarsa, ƙato, a fili, ni da ke gefe ina ganinsa sarai. Kofur na kallon allon ido buɗe, bai gan shi ba. Na ce, "Damarka, Kofur." Ya juya a makare. Saitinsa ya hau kan mutumin daidai, amma harsashi bai fita ba. Na kalli hannunsa. Yana kan maus, yatsan na kwance a inda ya kamata, bai danna ba.

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Muka ƙarasa wasan kamar masu rakiyar gawa. Da aka gama, muryar Kyaftin ta shigo kunnuwanmu a sanyaye. Ya ce, "Kofur, ka huta wannan karon. Gasa ba ta ƙarewa, akwai wata."

Na zaci zai yi gardama, ko ya kawo zancen maus. Sai kawai ya ce, "To, yallaɓai."

Bai taɓa ce wa Kyaftin yallaɓai ba. Muryar ofis ce, wadda yake amsa aike da ita. Ya cire abin kunnen ya ajiye a hankali, ya kashe Gwaggo, ta mutu nan take ba mita. Amarya na tsaye a ƙofar ɗaki, ta koma ciki ta saki labule.

Likitan da ya duba shi bayan rasuwarsa ya gaya wa Amarya cewa jijiya ce ta toshe a kansa, kuma ga alama ta daɗe tana ba da sanarwa. Hannun, da idon, da harɗewar harshe, duk saƙo ɗaya ne. Ba mu buga gasar ba. Kyaftin ya janye mu da kansa. Ya zo gaisuwa ya zauna a ƙofar gidan yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana tambayata ko maganarsa ce ta jawo, na ce masa a'a, domin ba ita ba ce. Gwaggo na nan a kusurwarta, Amarya ta lulluɓe ta da zane. Ta ce in zo in ɗauke ta, ganinta na tayar mata da hankali, 'yar kuma tana yawan tambaya wa zai kunna ta. Na ce zan zo. Har yau in na kai bakin ƙofar sai in gaishe su daga waje in juya. Allah ya jiƙanka, Kofur, ya sa ka huta da hawan bene.

Ganina da shi na ƙarshe, ana gobe zai rasu ne, da yamma. Kwanaki ke nan bayan karawar gwajin, bai kira kowa ba. Sai ga shi ya shigo shagona daga wurin aiki, takalminsa duk ƙasa, ya zauna a kujera ya ce in rage masa suma. Na ɗaura masa ƙyalle na fara.

Can ya fito da hannunsa na dama daga ƙarƙashin ƙyallen, ya buɗe tafin, ya rufe ido. Ya ce, "Sa mini matajin nan a hannu."

Na sa.

Ya ce, "Ka sa?"

Na ce, "Na sa."

Ya buɗe ido ya kalli matajin a tafinsa. Ya ce, "Ban ji ba." Ya miƙo mini da ɗaya hannun. "Na sauya mata ram, na sauya kati, na sauya wuta, na sauya maus da allo. Babu abin da ya rage na da a jikinta sai kwanon waje. Gwaggo ta warke, Reza. Ni ne mai nawar yanzu."

Na kashe injin na ce, "Tashi mu tafi asibiti. Yanzu zan rufe shago."

Ya ce, "Da rabin aski? Ƙarasa mini, kada likita ya ce mahaukaci aka kawo masa." Na ce ba wasa nake yi ba. Ya ce shi ma ba wasa yake yi ba, gobe da safe zai je ofis ya kai fayilolin da suka kwana, ya nemi izini, da rana in zo in raka shi. Na ce izini ya jira. Ya girgiza kai. "In na ɓace babu izini, can ma akwai ƙanin wani da ke jiran gurbina. Guda ɗaya na rasa, ka bar ni da ɗayan."

Na ƙarasa askin. Na goge masa wuya, na kakkaɓe ƙyallen. Ya duba kansa a madubi ta wannan gefe da wancan, ya ce yau kam na yi abin kirki, ba kamar kullum ba. Ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, yana kallon titi.

Ya ce, "Ƙanin Kyaftin ɗin, ya iya?"

Na ce, "Ya iya harbi. Amma ba ya magana. Kowa inda ya ga dama yake bi, kamar awakin da aka kwance."

Ya yi murmushi, gefe ɗaya na bakin ya fi ɗayan tashi. Ya ce, "To ka gaya wa Kyaftin, aro na ba su. In likita ya gama sauya abin da zai sauya, zan zo in karɓi abina."

Na ce, "Zan gaya masa."

Ya ce, "Kada ka je ka faɗa da ladabin nan naka. Yadda na faɗa za ka faɗa."

Na ce, "Yadda ka faɗa, Kofur."